Dafin ƙwayoyin cuta: yadda yake lalata jiki, da abin da ya sa jinkirin zuwa asibiti yake da haɗari

Akwai wata tambaya da iyalan majinyata suke yawan yi mana a asibiti. Za a kawo yaro da cutar mashaƙo, a ba shi magani, zazzaɓi ya sauka, maƙogwaro ya washe, har a fara maganar sallama. Bayan kamar kwana goma sai yaron ya fara haki da kasala, a auna a ga zuciyarsa ta raunana. Sai mahaifinsa ya ce: "Likita, ba kun ce maganin ya kashe ƙwayar cutar ba? To wannan kuma daga ina?"

Tambaya ce mai kyau. A wasu cututtukan, ƙwayar cutar tana zaune a wuri ɗaya, misali maƙogwaro ko hanji ko cikin rauni, amma tana fitar da dafi. Dafin ne yake yin ɓarnar, wani lokaci ma a can nesa da inda ƙwayar take. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, yana kashe mai yin dafin, amma ba ya taɓa dafin da ya riga ya fita.

Wannan bayani zai nuna muku yadda dafin yake kama ƙwayoyin halittar jikinmu, da yadda hakan ya shafi cututtuka uku da muka sani a ƙasar nan: kwalara, mashaƙo da tetanus. Idan kuka fahimci wannan, za ku gane dalilin da ya sa muke matsawa a kawo majinyaci da wuri, da dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari yake ceton rai.

Ƙwayar halitta da tantaninta

Jikin babban mutum ya ƙunshi ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Da su aka gina tsoka, da hanji, da zuciya, da jini, da ƙwaƙwalwa. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wani siririn tantani wanda ya raba cikinta da waje. Saboda tsananin rashin kaurinsa, idan aka jera guda dubu goma a kan juna ba za su fi kaurin fallen takarda ɗaya ba.

An yi wannan tantani ne da maiƙo mai ninki biyu. Kun san ruwa da mai ba sa haɗuwa. Don haka gishiri da sukari da sauran abubuwan da suka narke a ruwa ba sa ratsa shi yadda suka ga dama. Sai sun bi ta wasu ƙofofi na furotin da suke dashe a jikinsa. Wasu ƙofofin na gishiri ne kawai, wasu na sukari, wasu kuma kamar famfo suke, suna fitar da sinadarin sodiyam waje suna shigo da fotasiyam ciki. Wannan bambanci tsakanin ciki da waje shi ne yake ba zuciya damar bugawa, jijiya kuma ta kai saƙo.

Ku ɗauki ƙwayar halitta kamar gida, tantanin kuma katangarsa ce da zaurenta. A bayan katangar akwai wasu wurare masu kama da kwaɗo, kowanne da irin mabuɗinsa. Da su ne ƙwayar halitta take karɓar saƙon sinadaran jiki, misali insulin. Matsalar ita ce dafin bakteriya da yawa yana zuwa da mabuɗin da ya dace da ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa kowane dafi yake da sashen jikin da yake kamawa: inda ya sami kwaɗon da mabuɗinsa ya shiga, nan yake ɓarna.

Dafi iri biyu ne

Akwai dafin da yake jikin ɓawon bakteriyar kanta, wanda yake bazuwa a jini idan tana hayayyafa ko ta fashe. Irinsa ne a ƙwayar sanƙarau da ta taifot. Fararen ƙwayoyin jini suna gane shi, sai su yi gangami fiye da kima: zazzaɓi ya yi zafi, hanyoyin jini su saki, bugun jini ya faɗi ƙasa. Wannan ne yake sa mai sanƙarau ya iya galabaita cikin sa'o'i kaɗan.

Na biyu shi ne dafin da bakteriya take haɗawa ta fitar da shi waje tana raye. Furotin ne, kuma ƙarfinsa ya fi na farkon nesa ba kusa ba. A kansa sauran bayanin nan zai tsaya.

Hanyoyi uku da dafi yake bi da tantani

Hanya ta farko ita ce huda. Bakteriyar Staphylococcus aureus, wadda take kawo maruru da ƙuraje masu mugunya, tana fitar da ƙananan gutsattsarin dafi. Idan suka sauka a kan tantani, guda bakwai suna haɗuwa su yi zobe, zoben ya nutse ciki ya zama rami. Fotasiyam ya zube waje, sodiyam da ruwa su kwarara ciki, ƙwayar halittar ta kumbura ta fashe. Wani nau'in dafin nata fararen ƙwayoyin jini yake hudawa, wato sojojin da suka zo yaƙarta. Mugunyar da kuke gani a maruru, akasarinta gawarwakin waɗannan sojoji ne. Ƙwayar da ta fi kawo cutar nimoniya ma tana da irin wannan dafi, wanda yake neman kolestarol ɗin da yake cikin tantani ya huda rami a wurin.

Hanya ta biyu ita ce narkarwa, kamar yadda gara take cin katanga. Bakteriyar Clostridium perfringens tana zaune a ƙasa, tana kuma son rauni mai zurfi wanda nama ya mutu a cikinsa, irin na haɗarin mota ko harbi. Dafinta yana yayyanka maiƙon da aka gina tantani da shi. Tsoka ta mutu, ta kumbura, ta yi baƙi, ta yi wari, har a ji iska tana motsi a ƙarƙashin fata idan an danna. Ɓarnar tana gudu cikin sa'o'i. A nan allura kaɗai ba ta isa, sai an yi tiyata an cire mataccen naman, domin a cikinsa ƙwayar take ci gaba da yin dafi, kuma jini ba ya kai magani wurin.

Hanya ta uku ta fi wayo. Dafin ba ya fasa katanga, ta zaure yake shiga. Yana da sashe biyu: ɗaya mabuɗi, ɗaya kuma shi ne mai ɓarna. Mabuɗin ya kama kwaɗon da ya dace da shi, tantanin ya lanƙwasa ya haɗiye shi kamar yadda yake haɗiye abin amfani, sai sashen ɓarnar ya kuɓuce a ciki. Daga wannan lokaci babu maganin da zai bi shi ya fito da shi. Kwalara da mashaƙo da tetanus duk wannan hanya suke bi.

Kwalara: famfon da aka buɗe aka karya kansa

Ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, tana shiga ciki ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Ba ta shiga jini, ba ta kuma yi wa hanji rauni. Mannewa kawai take yi a bangon ƙaramin hanji tana zuba dafi. Wani likita ɗan Indiya mai suna Sambhu Nath De ne ya nuna haka a birnin Kalkata a shekarar 1959, lokacin da ya tace ƙwayoyin ya cire su, ya ga ruwan da ya rage shi kaɗai yana sa hanjin zomo ya cika da ruwa.

Dafin yana da mabuɗai biyar a zagaye, waɗanda suke kama wani maiƙo mai haɗe da sukari da ake kira GM1 a kan tantanin ƙwayoyin hanji. Da ya shiga, sai ya danne wani makunni ya bar shi a kunne. Wannan makunni shi yake ba da umarnin buɗe ƙofar sinadarin kuloraid, wanda rabin gishirin da muke ci ne. Ƙofar ta tsaya a buɗe, kuloraid ya dinga zuba cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su. Babban mutum yana iya zubar da ruwa har lita ɗaya a sa'a guda. Wannan ne gudawar nan mai kama da ruwan wankin shinkafa. Tun da hanjin bai ji rauni ba, yawanci ba a ganin jini a bayan gida, kuma sau da yawa babu zazzaɓi. Abin da yake kashe mutum shi ne ƙarewar ruwa da gishiri a jiki. A shekarar 2021 an sami mutum sama da dubu ɗari da ake zargin sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da dubu uku suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi shan wahala.

Ga inda rahamar take. A kan tantanin hanji akwai wata ƙofa daban wadda dafin kwalara ba ya taɓawa. Wannan ƙofa ba ta buɗewa sai sodiyam da sukarin gulukos sun zo tare. Idan suka shiga, ruwa yana bin su zuwa jini. Ke nan ko da famfon zubarwa yana buɗe, ana iya mayar da ruwa ta wannan ƙofa. Asalin ruwan gishiri da sukari, wato ORS, ke nan. An gwada shi a Daka da Kalkata a shekarun 1960. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare, sai Dakta Dilip Mahalanabis ya sa 'yan'uwan majinyata su dinga ba su wannan haɗi da kofi. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Wannan bayani yana da amfani a gida:

- Ma'auni yana da muhimmanci. Ku zuba ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata mai santilita 50. Idan babu ƙunshin, ku sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin gishiri, a shafe ba a tsorora ba, a lita ɗaya.
- Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. Sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa kuma kaɗan ne, yana iya ƙara gudawar.
- Idan majinyaci ya yi amai, a jira minti goma, a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan da cokali.
- Abin da ya kwana ya wuni, wato ya wuce sa'a 24, a zubar a haɗa sabo.
- ORS ba ya tsayar da gudawar, mayar da ruwan da aka rasa yake yi. Ƙwayoyin hanjin da dafi ya kama ba sa gyaruwa, amma jiki yana sauya su da sababbi cikin kwana uku zuwa biyar. Aikinku shi ne riƙe majinyaci da ruwa har wannan lokaci.
- Yara a haɗa musu da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da shayarwa.
- Flagyl da ake yawan saya a kyamis ba maganin kwalara ba ne.

Wanda idonsa ya faɗa, fatarsa ta ƙi komawa idan an tsungula, ya daina fitsari, ko ya kasa sha, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata nan take. Kwalara mai tsanani tana iya kashe kusan rabin waɗanda ba a kula da su ba, amma idan an mayar da ruwa a kan lokaci, ba a rasa ko mutum ɗaya cikin ɗari.

Mashaƙo: ƙwaya a maƙogwaro, ɓarna a zuciya

Tun ƙarshen shekarar 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Nijeriya, kuma Kano ce ta fi yawan waɗanda suka kamu. Akasarinsu yara ne da ba a yi musu riga-kafi ba ko ba a kammala ba. Ƙwayar, Corynebacterium diphtheriae, tana yaɗuwa ta tari da atishawa, tana zama a maƙogwaro da hanci.

Mabuɗin dafinta yana kama wani furotin da yake kan tantanin ƙwayoyin halittar mutum. Tantanin ya haɗiye shi a cikin 'yar jaka. Ruwan cikin jakar yana da tsami, kuma tsamin ne yake sa dafin ya sauya siffa, ya soke bangon jakar, ya tura sashen ɓarnarsa cikin ƙwayar halitta. A can sai ya tsayar da injin da yake haɗa furotin. Ƙwayar halittar da ta daina haɗa furotin mutuwa take yi, kuma bincike ya nuna ɗigon dafi guda ɗaya tak ya isa ya kashe ta. Don ku ga muhimmancin kwaɗo da mabuɗi: ɓera ba ya jin wannan dafi sosai, saboda kwaɗonsa ya ɗan bambanta da namu.

A maƙogwaro, matattun ƙwayoyin halitta da jini da ƙwayoyin cutar suna haɗuwa su zama wani ɓawo mai kauri, ruwan toka, wanda yake manne sosai. Idan aka kankare shi jini yake yi, kuma yana iya toshe hanyar numfashi. Wuya kuma yakan kumbura. Wannan shi ne abin da ido yake gani.

Wanda ido ba ya gani shi ne dafin da ya shiga jini. Yana zuwa ya kama tsokar zuciya da jijiyoyi. Ɓarnar zuciya takan bayyana daga mako ɗaya zuwa biyu bayan fara ciwon, daidai lokacin da iyaye suke ganin yaro ya samu sauƙi. Ta jijiyoyi takan zo bayan haka: murya ta koma ta hanci, ruwa ya dinga fitowa ta hanci idan an sha, gani ya dushe, daga baya ƙafafu su yi rauni. Wannan ita ce amsar tambayar mahaifin nan. Dafin ya shiga tun kwanakin farko, sakamakonsa ne ya zo a makare.

Makarin wannan dafi yana nan. Tun 1890 Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato suka nuna cewa jinin dabbar da ta saba da dafi yana ɗauke da abin da yake karya shi, kuma saboda wannan aiki ne Behring ya zama na farko da ya karɓi kyautar Nobel ta likitanci a 1901. Har yau daga jinin doki ake samar da makarin mashaƙo, kamar yadda ake samar da maganin saran maciji. Amma makarin dafin da yake yawo a jini kawai yake iya kamawa. Wanda ya riga ya shige cikin ƙwayar halitta ya fi ƙarfinsa. Duk ranar da aka ƙara a gida, ƙarin dafi ne yake shigewa. Shi ya sa likita ba ya jiran sakamakon gwaji kafin ya ba da shi idan alamomin sun nuna mashaƙo.

Don haka, yaron da yake da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, ko aka ga wannan ɓawo a bakinsa, a kai shi asibiti a ranar. Kada a kankare ɓawon, kada kuma a kai shi wurin wanzami a cire masa beli. Bayan sallama, a bar shi ya huta sosai na wasu makonni, ban da guje-guje, kuma a dawo da shi ranar da likita ya ce. Mutanen gidan su ma suna buƙatar antibayotik da riga-kafi ko da suna jin lafiya lau.

Tetanus: dafin da yake bin jijiya

Ƙwayar tetanus, Clostridium tetani, tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, a cikin wani ƙwanso mai tauri da yake jure zafi da fari shekara da shekaru. Ba tsatsar ƙusa ce take kawo cutar ba, dattin da ya shiga raunin ne. Idan ƙwanson ya sami rauni mai zurfi inda iska ba ta kaiwa, sai ya farka ya fara yin dafi. Raunin yana iya zama ƙarami, har mutum ya manta da shi: ƙaya, ƙusa, saran fartanya, ƙuna, kaciya ko tsaga da aska marar tsabta, ko cibiyar jariri.

Mabuɗin wannan dafi tantanin bakin jijiya yake kamawa, inda jijiya ta haɗu da tsoka. Jijiyar ta haɗiye shi, ya bi ta cikinta a hankali har zuwa laka. Tafiyar tana ɗaukar kwanaki, shi ya sa alamomi suke bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni. A laka akwai jijiyoyin da aikinsu shi ne taka wa tsoka birki, su ce mata ta saki. Dafin yana shiga cikinsu ya yanke furotin ɗin da yake ba su damar sakin saƙonsu. Birki ya tsinke, tsoka ta ɗaure ta ƙi saki. Jijiyoyin fuska gajeru ne, dafi ya fi saurin kaiwa ƙarshensu, shi ya sa muƙamuƙi ne yake fara kullewa, sannan wuya, da baya, da ciki. Ƙara ko haske ko taɓawa kaɗan suna tayar da jijjiga mai tsanani, kuma majinyacin yana cikin hayyacinsa yana jin zafin. Wannan ne dalilin da ya sa ake kwantar da shi a ɗaki mai duhu da shiru.

A jariri, cutar takan bayyana wajen ranar suna. Yaron da yake shan nono lafiya a kwana biyun farko sai ya kasa kama nono, ya dinga kuka, jikinsa ya sandare. Wannan ba iska ba ce, ba kuma maita ba. Yawanci ta cibiya ƙwayar ta shiga, ko dai an yanke ta da abu marar tsabta ko an shafa mata toka, ƙasa, kashin shanu ko wani haɗi. Abin da ake so a shafa wa cibiya shi ne man kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti.

A nan ma makari yana kama dafin da bai shiga jijiya ba ne kawai. Wanda ya shiga sai jiki ya gina sabon furotin a madadin wanda aka yanke, kuma hakan yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Duk wannan lokaci aikin asibiti shi ne wanke raunin, ba da maganin sassauta tsoka, ciyarwa ta bututu, da taimakon numfashi idan ya kama. Iyali su yi haƙuri, daɗewar ba alamar magani ya gaza ba ce. Wani abin lura kuma: wanda ya warke daga tetanus bai sami kariya ba, domin dafin da ya isa ya kwantar da mutum bai kai yawan da garkuwar jiki za ta koya daga gare shi ba. Dole a yi masa riga-kafi.

Riga-kafi: tare dafi kafin ya kai tantani

Abin da cututtukan nan suka haɗu a kai shi ne akwai ɗan lokaci tsakanin fitar dafi da shigarsa ƙwayar halitta. Wanda jininsa yake ɗauke da garkuwa tun kafin ciwo, a wannan ɗan lokacin ake kama dafin a toshe mabuɗinsa.

A shekarun 1920 wani masani ɗan Faransa, Gaston Ramon, ya gano cewa idan aka jiƙa dafin mashaƙo da na tetanus a sinadarin fomalin, ƙarfinsu yana mutuwa amma siffarsu tana nan. Idan aka yi wa mutum allurar wannan mataccen dafi, jikinsa yana koyon siffar ya tanadi makarinsa da kansa. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikin allurar, don haka ba ta iya sa wa yaro cutar. Ɗan zazzaɓi ko kumburin wurin allura na kwana ɗaya ko biyu alama ce ta jiki yana koyo.

A Nijeriya wannan kariya tana cikin allurar Penta, wadda ake yi wa jariri a mako 6, da 10, da 14, kyauta a asibitocin gwamnati. Sai an yi duka ukun kariya take ƙarfi. Mai juna biyu ana yi mata allurar Td, aƙalla sau biyu da tazarar mako huɗu idan ba ta taɓa yi ba, kuma garkuwarta tana ratsa mabiyiya ta kare jariri a makonninsa na farko. Idan mace ta cika allura biyar a kan tsari, ta sami kariya tsawon shekarun haihuwarta. Kariyar tana raguwa da shekaru, shi ya sa ake tambayar wanda ya ji rauni yaushe rabonsa da allurar. Kwalara ma tana da riga-kafi na ɗigawa a baki da ake rabawa lokacin annoba, amma ba ya maye gurbin ruwa mai tsabta, da wanke hannu da sabulu, da amfani da masai.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Kada ku jira gari ya waye idan kuka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Gudawa mai ruwa tsululu, musamman da amai, faɗawar ido ko ɗaukewar fitsari. A fara ba da ORS tun daga gida, a ci gaba a hanya.
- Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, ɓawo mai ruwan toka a baki, shaƙewar murya ko wahalar numfashi.
- Haki, kasala, kumburi ko suma a yaron da bai daɗe da warkewa daga mashaƙo ba.
- Wahalar buɗe baki ko sandarewar wuya da baya, ko da ba a tuna da wani rauni ba.
- Jaririn da ya daina kama nono bayan yana sha lafiya.
- Raunin da yake kumbura da sauri, zafinsa ya wuce girmansa, ya yi baƙi ko yana wari.
- Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ruɗewa, ko tabo masu duhu a fata.

Duk rauni mai zurfi ko mai datti a wanke shi da ruwa mai yawa da sabulu, a je asibiti a ranar, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya tarihin riga-kafin mutum. Idan za ku zo da yaro, ku taho da katinsa. Idan kuma katin ya nuna akwai allurar da aka tsallake, ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ku duba katunan yaranku yau, ku kai wanda bai kammala ba cibiyar lafiya mafi kusa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.